Fafutukar Matasan Amurka kan Haƙƙin Zaɓe da Dokokin Zubar da Ciki

Fafutukar matasan Amurka kan haƙƙin zaɓe da dokokin zubar da ciki ta ƙunshi zanga-zanga, ƙararraki a kotuna, gangamin rajistar masu zaɓe da tara gudummawar kuɗi waɗanda ɗalibai da sauran matasa suka riƙa gudanarwa domin ƙalubalantar dokokin jihohi da suka taƙaita kaɗa ƙuri'a ko suka ƙuntata hanyar zubar da ciki. Fafutukar ba ta da uwar ƙungiya ɗaya ko jagora guda. Shekaru da yawa kowane ɗaya daga cikin batutuwan biyu yana da masu rajinsa daban, kuma sun fi haɗuwa ne bayan shekarar 2022, lokacin da Kotun Ƙoli ta mayar da maganar zubar da ciki hannun majalisun jihohi, abin da ya sa akwatin zaɓe ya zama wurin da ake yanke ta.

Asali a shekarun 1960

Galibi ana danganta farkon wannan al'ada da ranar 1 ga Fabrairu, 1960, sa'ad da ɗalibai baƙaƙen fata huɗu na kwalejin North Carolina A&T suka yi zaman dirshan a wurin cin abinci na kantin Woolworth da ke Greensboro, inda ba a sayar wa baƙar fata abinci a zaune. A watan Afrilun shekarar, Ella Baker ta kira taron ɗalibai a Jami'ar Shaw da ke Raleigh, kuma daga wannan taro aka kafa kwamitin ɗalibai da aka fi sani da SNCC. Ba da jimawa ba kwamitin ya karkata ga rajistar masu zaɓe a yankunan karkara na kudancin ƙasar, inda harajin zaɓe, jarrabawar iya karatu da barazanar kora daga aiki ko gona suka hana mafi yawan baƙaƙen fata kusantar ofishin rajista.

A bazarar 1964 ɗaruruwan ɗalibai, yawancinsu fararen fata daga jami'o'in arewa, suka kwarara jihar Misisipi a ƙarƙashin wani shiri da Bob Moses ya jagoranta. A ranar 21 ga Yuni aka kashe uku daga cikin ma'aikatan shirin a gundumar Neshoba, wato James Chaney, Andrew Goodman da Michael Schwerner, dukkansu 'yan shekara ashirin da 'yan kai, kuma ba a gano gawarwakinsu ba sai ranar 4 ga Agusta. A shekarar da ta biyo, ranar 7 ga Maris, 1965, jami'an tsaron Alabama suka far wa masu macin neman haƙƙin zaɓe a kan gadar Edmund Pettus da ke Selma, suka fasa kan shugaban SNCC, John Lewis, wanda a lokacin yake da shekara 25. Hotunan wannan rana da aka nuna a talabijin sun gaggauta zartar da Dokar Haƙƙin Zaɓe, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu a ranar 6 ga Agusta, 1965.

Shekarun fara zaɓe ma sai da aka yi musu fafutuka. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ake ta cewa wanda ya isa a tura shi fagen daga ya isa ya zaɓi wanda zai tura shi, kuma jihar Jojiya ta rage shekarun zuwa 18 tun a 1943, amma sauran jihohi suka tsaya a kan 21 in ban da ƙalilan. Yaƙin Biyetnam ne ya ba wa hujjar ƙarfin da ta rasa a da. Majalisar dokokin tarayya ta amince da gyara na 26 ga kundin tsarin mulki a watan Maris na 1971, jihohi suka kammala tabbatar da shi a ranar 1 ga Yuli, kuma babu wani gyara da aka taɓa tabbatarwa cikin sauri irin haka. Duk da haka jami'an wasu ƙananan hukumomi sun ci gaba da ƙin yi wa ɗalibai rajista a garuruwan da suke karatu, har sai da Kotun Ƙoli a 1979 ta tabbatar da hukuncin da ya ba ɗaliban Jami'ar Prairie View A&M ta Teksas gaskiya a kan jami'in rajistar gundumar Waller. Ɗaliban jami'ar sun sake fitowa maci kan wannan magana a 2004 da 2008.

A ɓangaren zubar da ciki, akwai wata alaƙa da ba a cika ambata ba. Heather Booth, ɗalibar Jami'ar Shikago wadda ta halarci aikin Misisipi a 1964, ita ce a 1965 ta fara haɗa mata da likitan da zai zubar musu da ciki a ɓoye, kuma daga nan aka samu ƙungiyar sirri da ake kira Jane, wadda aka ƙiyasta ta taimaka wajen zubar da ciki kimanin 11,000 daga wajajen 1969 zuwa 1973. Lauyar da ta tsaya a shari'ar Roe da Wade, Sarah Weddington, tana da shekara 26 lokacin da ta fara bayyana a gaban Kotun Ƙoli. Hukuncin, wanda ya amince da haƙƙin zubar da ciki a faɗin ƙasar, ya fito ranar 22 ga Janairu, 1973, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2.

Daga 2013 zuwa 2022

Ranar 25 ga Yuni, 2013, ta haɗa batutuwan biyu bisa dacewar lokaci. Da safiyar ranar Kotun Ƙoli, a shari'ar gundumar Shelby da Holder, ta soke ma'aunin da ke tilasta wa jihohin da suka yi ƙaurin suna wajen wariya neman izinin gwamnatin tarayya kafin su sauya dokar zaɓe. A wannan ranar kuma, a majalisar dattawan Teksas, sanata Wendy Davis ta yi kusan awa 11 tana jawabi a tsaye domin cinye lokacin wani ƙudirin taƙaita zubar da ciki, kuma da aka katse ta, jama'ar da suka cika dandalin 'yan kallo suka yi ta sowa har agogo ya wuce sha biyun dare, wa'adin zaman ya ƙare. An zartar da dokar a zama na gaba, sannan Kotun Ƙoli ta soke manyan sassanta a 2016.

Dokokin zaɓen da suka biyo baya sun taɓa matasa kai tsaye. Dokar katin shaida ta Teksas ta karɓi lasisin riƙe bindiga amma ba ta karɓi katin ɗalibi ba. Karolina ta Arewa ta soke rajistar share fage ta 'yan shekara 16 da 17, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rushe dokar a 2016. A 2021 Jojiya ta haramta miƙa ruwa ko abinci ga masu jiran layin zaɓe. A watan Disamban shekarar wasu ɗalibai daga Arizona suka shiga yajin cin abinci na kimanin mako biyu, har suka kai shi ƙofar Fadar White House, suna neman a zartar da dokar zaɓe ta tarayya, amma ƙudirin ya faɗi a majalisar dattawa a watan Janairun 2022.

A cikin 2021 ɗin ne Teksas ta kafa dokar da ta hana zubar da ciki daga kusan mako shida, tare da ba kowane mutum damar shigar da ƙarar wanda ya taimaka, ya karɓi aƙalla dala 10,000 idan ya yi nasara. Paxton Smith, wadda ta zo ta ɗaya a wata makarantar sakandare ta Dallas, ta ajiye jawabin yaye ɗalibai da aka amince mata da shi ta yi magana a kan dokar, kuma bidiyon ya bazu ƙwarai. Matasa masu amfani da TikTok suka yi ta tura rahotannin ƙarya har suka cika shafin da aka buɗe domin karɓar tsegumi kan masu karya dokar.

Bayan hukuncin Dobbs

A ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli, a shari'ar Dobbs, ta soke hukuncin Roe, inda mai shari'a Samuel Alito ya rubuta cewa a mayar da maganar ga jama'a da wakilan da suka zaɓa. Masu fafutuka sun riƙe wannan magana a matsayin hujjarsu: idan ƙuri'a ce za ta raba gardama, to duk dokar da ta wahalar da kaɗa ta ta shafi ɗaya batun. A watan Yuli Olivia Julianna, mai shekara 19, ta tara fiye da dala miliyan 2 ga asusun tallafin zubar da ciki bayan ɗan majalisa Matt Gaetz ya yi mata ba'a.

Masu zaɓe a Kansas sun yi watsi da gyaran kundin tsarin mulkin jihar da zai cire kariyar zubar da ciki a watan Agustan 2022 da kusan kashi 59 cikin ɗari. A Nuwamba masu zaɓe a Mishigan suka amince da shawarwari biyu a takarda guda, ɗaya kan faɗaɗa damar kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, ɗaya kan zubar da ciki, yayin da ɗaliban Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor suka tsaya a layi har cikin dare. A Ohio an ƙi amincewa da ɗaga ma'aunin gyaran kundin jihar zuwa kashi 60 a watan Agustan 2023, sannan aka zartar da kariyar zubar da ciki a Nuwamba da kusan kashi 57. A Filorida irin wannan adadi bai wadatar ba a 2024, saboda can ma'aunin kashi 60 ne.

Idaho a 2023 ta cire katin ɗalibi daga takardun shaidar zaɓe, ta kuma haramta taimaka wa 'yar ƙasa da shekara 18 ta zubar da ciki ba da sanin iyayenta ba. A Montana kuwa ƙungiyoyin matasa na cikin waɗanda suka yi nasara a kotun ƙolin jihar a 2024 kan dokokin zaɓe na 2021.

Saɓani

Matasan Amurka ba su kan ra'ayi ɗaya. Ƙungiyar Students for Life of America tana da rassa a makarantu da jami'o'i da yawa, kuma ɗalibai ne ke cika macin adawa da zubar da ciki da ake yi a Washinton kowane watan Janairu tun 1974. Masu goyon bayan dokokin katin shaida suna cewa kariya ce daga maguɗi, masu suka kuma suna cewa irin wannan maguɗi bai cika faruwa ba. Ana kuma jayayya kan girman tasirin fafutukar, domin cibiyar CIRCLE ta Jami'ar Tufts ta ƙiyasta fitowar 'yan shekara 18 zuwa 29 a zaɓen 2022 da kusan kashi 23 cikin ɗari, ƙasa da kashi 28 na 2018.