Injin jirgin ruwa mai sanyi ba lafiyayye ba ne

Masu jiragen ruwa da dama sun daɗe da yarda cewa muddin inji bai yi zafi ba, to lafiya lau yake. Wasu har cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan sanyaya inji har sai injin ya yi zafi, suke yi su yar, wai don ruwa ya zagaya sosai. Wannan kuskure ne.

An ƙera inji ne ya yi aiki a wani mataki na zafi. Injin da ke shan ruwan teku kai tsaye don sanyaya kansa, tamostat ɗinsa yakan buɗe wajen digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, domin in zafi ya wuce haka sosai gishiri kan daskare a hanyoyin ruwa. Injin da ruwan sanyayarsa ke zagayawa a rufe a cikinsa kuwa yakan kai digiri 70 zuwa 80. Idan inji bai kai nan ba, mai ba ya ƙonewa duka: fulogi ya yi baƙi, shan mai ya ƙaru, tururi ya koma ruwa ya gauraya da baƙin mai har ya yi fari-fari. A hankali ƙarfe ke cin ƙarfe, ba ƙara ba hayaniya, shi ya sa ba a lura.

In ana zargin inji ba ya kai zafinsa, kafin a kwance komai, a auna zafin murfin tamostat da ma'aunin hannu, don allurar gaban direba ma tana ƙarya. Sannan a ciro tamostat ɗin. In an same shi a buɗe alhali yana da sanyi, ya mutu, ko yashi ya maƙale masa. A kankare mazauninsa, a sa sabo mai lambar zafi ɗaya da tsohon, da sabon gasket (shimfiɗar da ke hana yoyo), sifirin tamostat ɗin yana fuskantar cikin inji.