Tumbin ɓera a kwalbar gwaji: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Duk shekara ɗalibai sai sun tare ni a ɗakin gwajinmu nan Katsina da tambayoyi iri ɗaya. Ga amsa a rubuce, kowa ya karanta kafin ya zo.

Malam, me ya sa sai ɓera?

Tumbinsa na da saurin jin magani. Tun 1957 John Vane na Ingila ya auna sinadarin serotonin da siririn naman saman tumbin.

Naman da aka yanko, ta ina zai motsa?

Jijiyoyin saƙo suna cikin bangon tumbin, tare kuka yanko su. Ka taɓa su da 'yar wutar lantarki, su saki sinadarin asetilkolin, nama ya tsuke.

Maganin atirofin fa?

Yana toshe inda asetilkolin ke sauka, tsukewa ta tsaya. Danginsa ne ke cikin zaƙami, shi ya sa bakin wanda ya sha ke bushewa ƙayau. In an riga an ɗame naman, ka taɓa shi da lantarki, za ka ga ma ya saki. Wannan aikin wasu jijiyoyi ne masu fitar da sinadarin naitirik oksaid, kuma maganin L-NAME, mai hana samar da sinadarin, na rage sakin.

Naman nawa ya ƙi motsi sam, ya mutu ne?

Kwantar da hankalinka, ba lallai ba. Duba ruwan Krebs, wato ruwan gishirin da naman ke ciki, tukuna: na yau ne? Zafinsa na kan digiri 37? In an ɗauke wuta, ruwan kan huce kana can kana hira. Iskar oksijin na tashi ƙanana-ƙanana, ko kumfa ke jijjiga naman? Ka bar shi ya huta kamar awa guda, kana sauya ruwa, domin sau da yawa gaggawa ce kawai. Sannan ɗiga asetilkolin kai tsaye. In ya tsuke, tsoka na da rai, matsalar wataƙila wayar lantarki ce, ko ka murje jijiyoyin da hantsaki wajen yanka. In shiru, ina zargin ragowar atirofin na waɗanda suka riga ka, don ba ya fita da ɗauraya ɗaya. Ku riƙa wanke kwalba, don Allah! Rai aka ɗauka kafin naman nan ya zo hannunku. Wani lokaci kuwa komai daidai, naman ne dai ya gaji.

Jiƙon da na gwada ya sassauta naman, in rubuta yana maganin gyambon ciki?

A'a. Rubuta abin da ka gani: ya sassauta tsokar tumbin ɓera a cikin kwalba.