Yanke Gaɓoɓi a Yaƙin Basasa: Wace Doka Ce Ke Hukunta Shi?

Waɗannan tambayoyi sun taso ne a wata majalisar matasa a Nima, cikin Akara, inda har yanzu dattawa ke tuna lokacin da sojojin Gana suka je aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya.

Mene ne wannan laifi?

Shi ne a nakasa mutum da gangan nakasa ta dindindin, kamar a sare masa hannu, ko a yanke kunne ko leɓe, ko a cire masa ido, ba don magani ba, alhali shi farar hula ne, ko kuwa mayaƙi ne da aka kama ko ya ajiye makami. Malamanmu na kiransa musla, kuma Musulunci ya haramta shi tun da daɗewa. Sashe na 3 na Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 ya hana shi a yaƙin cikin gida, sannan Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda Gana ta amince da ita a 1999, ta ƙidaya shi cikin laifukan yaƙi a sashe na 8.

Kowace tarzoma ce ake kira yaƙi?

A'a. Sai faɗan ya tsananta kuma ƙungiyoyi masu tsari ne ke gwabza shi.

To, tunda dokar duniya ta hana, me ya kawo maganar dokar ƙasa?

Nan ne gizo ke saƙa. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Heg, wadda Yarjejeniyar Rum ta kafa, ba ta shiga shari'a sai idan ƙasa ta kasa ko ta ƙi hukunta masu laifin, alƙalin Gana kuwa ba ya ɗaure mutum sai da laifin da rubutacciyar doka ta fayyace tare da hukuncinsa. Idan dokar ƙasa ba ta ambaci laifin yaƙi a rikicin cikin gida ba, sai a tuhumi mai laifin da jikkata mutum kawai, kamar yadda yake a Dokar Laifuka ta Gana ta 1960, kuma a ganina hakan yana rage wa laifin nauyi, domin wanda ya ba da umarni daga nesa ya fi samun hanyar zamewa. Jamus ta toshe wannan kafa a 2002 da dokar da ta haɗa yaƙin ƙasa da ƙasa da na basasa.

An taɓa hukunta wani?

An taɓa. 'Yan tawayen RUF sun riƙa sare hannuwan mutane a yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002, kuma duk da afuwar da yarjejeniyar Lome ta 1999 ta yi musu, kotun musamman ta Saliyo ta sami shugabanninsu uku da laifi a 2009, ta yanke wa ɗaya daga cikinsu, Issa Sesay, ɗaurin shekara 52.