Idan ƙaramar hukuma za ta gina tasha a gonarka, me doka ta ce?

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu. Duk waɗannan fili suke ci, filin kuwa sau da yawa gonar wani ce, ko fegin da ya daɗe yana tara kuɗin gina shi. A nan ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo, take shigowa.

Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ko kana da takardar shaidar mallaka, abin da ka riƙe shi ne ikon zama da amfani, kuma sashe na 28 ya ba gwamna damar soke wannan iko idan za a yi aikin amfanin jama'a. A karkara, sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ita ma damar shiga fili don irin wannan aiki. Amma ba a ƙwace fili da baki. Dole a kai wa mai shi sanarwa a rubuce, kuma kotuna sun sha rushe ƙwacen da aka yi da sunan jama'a sannan aka miƙa wa wani attajiri don harkarsa.

Inda mutane suka fi shan mamaki shi ne wajen diyya. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta yadda dillalai suke yi mata farashi. Sashe na 29 abin da ka ɗora a kanta yake dubawa: gini, katanga, rijiya, mangwaro da ɗorawa, da amfanin da ke tsaye a gona. Gini ana ƙiyasta kuɗin sake yin irinsa, a cire tsufan da ya yi, a ƙara kuɗin ruwa idan an jinkirta biya. Fili tsirara kuwa, sai dai a mayar maka da kuɗin hayar ƙasa da ka biya a shekarar. A ganina nan dokar ta matse talaka, don wanda bai samu halin yin gini ba shi ne zai tashi hannu wofi. Sauƙin manomi ɗaya ne: idan ƙaramar hukuma ta karɓi gonar da ake nomawa, wajibi ne ta ba shi wata.

Don haka ranar da masu ƙiyasi suka zo da tef da littafi, kada ka aika yaro. Ka tsaya a ƙirga kowace bishiya a gabanka, ka ɗauki hotuna kafin katafila ta iso. Idan kuɗin bai yi maka ba, sashe na 30 ya ce a kai ƙorafi gaban kwamitin rabon filaye na jiha, sashe na 44 na tsarin mulki kuma ya tanadi a biya diyya ba tare da jan ƙafa ba, ya kuma ba ka damar zuwa kotu kan adadinta.