Kilisa da Horon Jiki ga Dawaki da Karnukan Aiki

Horon jiki shi ne motsa dabba a kai a kai, ana ƙara mata nauyin aiki kaɗan-kaɗan, har gaɓoɓinta su saba da wahalar da ake so ta ɗauka. Masu dawaki a ƙasar Hausa suna kiran nasu kilisa, wato fitar da doki daga turke da sassafe ko da la'asar don ya miƙe ƙafa. A Sakkwato, inda rundunar mahaya ta kasance ginshiƙin daula a ƙarni na 19, kuma har yau ake hawan Sallah da tseren dawaki, wannan al'ada ta riga ilimin likitancin dabbobi na zamani isowa, amma ilimin ya bayyana abin da kilisar take aikatawa a cikin jiki.

Zuciya, saifa da jini

Dokin da yake tsaye a barga zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya, amma idan ya shiga sukuwa sosai tana iya kaiwa 220 zuwa 240. Saifarsa kuma rumbu ce: tana ajiye kusan kashi ɗaya bisa uku na jajayen ƙwayoyin jini, sai an zabure shi ta matse ta zuba su cikin jijiyoyi, jinin ya yi kauri ya ɗauki iskar da tsoka take bukata. Wannan baiwa ce da aka haife shi da ita. Abin da horo yake ƙarawa shi ne yawan ruwan jini, wanda yake ƙaruwa tun a makonnin farko, da ƙarfin kowace bugawar zuciya, da yawan ƙananan hanyoyin jini da suke ratsa tsoka. Saboda haka dokin da ya samu kilisa yana yin aikin da ya yi a watan jiya da ƙarancin bugun zuciya, kuma yana saurin dawowa hayyacinsa bayan an tsaya.

Saurin dawowar nan shi ne ma'aunin da ya fi sauƙi ga mai doki. A gasar dogon zango ta duniya, wadda take kaiwa kilomita 160 a yini ɗaya, ba a barin doki ya ci gaba sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti. Mai kula da barga ba ya bukatar na'ura don wannan. Ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙin dokin, inda jijiyar jini take ratsa ƙashi, ya ƙirga.

Huhu ne kaɗai horo ba ya sauya shi sosai. Doki ta hanci kawai yake numfashi, kuma a sukuwa numfashi ɗaya yake yi a kowane tsalle, don haka majayin da aka ɗaure fiye da kima, ko ƙurar harawa da ta hunturu da ta taru a barga, suna rage masa abin da ba zai iya ramawa ba.

Ƙashi da jijiyar ƙafa

A nan ne yawancin ɓarna take faruwa. Zuciya da tsoka suna amsa horo cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyin da suke bayan ƙwauri da kofato sai an yi watanni kafin su yi ƙwari. Dokin da aka fara wa kilisa mako uku kafin Sallah zai nuna kuzari, zai ja linzami yana neman gudu, mai shi ya ɗauka ya shirya, alhali ƙafafunsa na dokin da ya kwana a turke ne. Sukuwar gaisuwa a gaban fada, wadda ake ƙarewa da zamiya, doki ya tattara nauyinsa da na mahayi da na kayan ado a kan ƙafafun baya lokaci ɗaya, tana daga cikin ayyukan da suka fi cin gaɓoɓi. Rairayi mai zurfi na bakin gulbin Rima yana gina tsoka idan tafiya ake yi ko sassarfa, amma gudu a cikinsa yana jan jijiya, kuma jijiyar da ta tsinke tana warkewa da tabo, ba ta cika komawa yadda take ba.

Akwai kuma cutar ɗaurewar tsoka, wadda take kama dokin da aka ci gaba da cika wa gero ko dawa a kwanakin da ba ya aiki, sannan aka fita da shi farat ɗaya. Cinyoyinsa sukan yi tauri, ya ƙi takawa, gumi ya karyo masa, fitsarinsa ya yi duhu. Tilasta masa tafiya yana ƙara lalata tsokar. Abin yi shi ne a tsayar da shi a nemi likitan dabbobi, irin waɗanda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take horarwa a tsangayarta ta likitancin dabbobi. Ko lafiyayyen doki ma yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin tsokarsa ta mayar da makamashin da ta ƙone a aiki mai tsanani.

Zafi

A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma mafi yawan makamashin da tsoka take ƙonawa zafi yake zama. Doki da gumi yake sanyaya jikinsa, yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, kuma guminsa ya fi na mutum gishiri nesa ba kusa ba. Farar kumfar da ake gani a wuyansa inda ragama take gogawa wani sinadari ne da yake taimaka wa gumin ratsa gashi. Al'adar ba dawaki kanwa da gishiri tana da tushe ta wannan fuskar, muddin ruwa yana wadace. Binciken da aka yi gabanin wasannin Olimfik na birnin Atlanta na Amurka a 1996 ya tabbatar da cewa doki yana sabawa da zafi cikin kimanin mako biyu na horo, kuma kwara masa ruwan sanyi a kai a kai bayan aiki ba ya cutar da shi, saɓanin tsoron da mutane da yawa suke da shi.

Karnuka

Kare ba shi da wannan mafita, domin ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 rayuwarsa tana cikin haɗari. Karnukan 'yan farauta, waɗanda suke bin zomo da gada a dajin rani, da siraran karnukan Azawak na Buzayen Mali da Nijar, suna da dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji da suka dace da gudu, amma karen da ya yi damina a kwance tafin ƙafarsa yakan yi laushi, ƙasa mai zafi da ƙaya su yayyage shi a fitar farko.

Tsokar kare ta fi ta doki dogaro da kitse a doguwar tafiya. Karnukan da suke jan keken ƙanƙara a tseren Iditarod na jihar Alaska ta Amurka, wanda aka fara a 1973 kuma tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,600, suna cin abincin da ya kai kalori (ma'aunin makamashin abinci) 10,000 a rana, mafi yawansa kitse da nama. Ga karnukan da jami'an tsaro suke amfani da su wajen sunsuno ƙwaya ko abin fashewa, amfanin horo ya shafi aikin kai tsaye: kare ba ya iya haki da sunsuna a lokaci ɗaya, don haka wanda bai samu motsa jiki ba yana fara haki da wuri, ya wuce abin da aka kawo shi nema. Shi ya sa masu kula da su suke yanka aikin gajere-gajere, da hutu a inuwa da ruwan sha a tsakani.