Buluberi mai idon zomo

Buluberi mai idon zomo, wanda masana tsirrai ke kira Vaccinium virgatum, ƙaramin itace ne mai 'ya'ya shuɗɗa masu zaƙi da ɗan tsami. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, musamman bakin koguna da fadamun arewacin Filorida da kudancin Jojiya da Alabama. Kafin 'ya'yan su nuna sukan yi ja-ja kamar idon farin zomo, abin da ya jawo masa sunan ke nan. A tsofaffin littattafai ana kiransa Vaccinium ashei.

Tarihi

An fi danganta fara nomansa da Moses Sapp, wanda wajen 1890 ya riƙa tono shi daga daji yana dasawa kusa da garin Crestview na Filorida. Jama'a suka bi sahu, har zuwa shekarun 1920 gonakinsa suka yawaita a yankin. Sai dai an yi ta dashe ba zaɓe, mai kyau da marar kyau, don haka kasuwa ta cika da ƙananan 'ya'ya masu tsakuwar ƙwallo, masu saye suka ja baya, sana'ar ta durƙushe.

Tashar binciken noma ta Tifton a Jojiya ce ta farfaɗo da shi. A nan W. T. Brightwell, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, ya yi ta auratayya tsakanin zaɓaɓɓun iri tun shekarun 1940. Irin Tifblue da aka fitar a 1955 ya daɗe yana kan gaba. Climax ya biyo baya a 1974, sai Premier da Powderblue daga Karolina ta Arewa a 1978.

Noma a lambun gida

Ya fi sauran dangin buluberi jure zafi da fari, amma ba ya wasa da ƙasa: sai mai tsami, wadda pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ke tsakanin 4.5 da 5.5. Idan ta wuce haka, wato tsamin ya ragu, sai ganyen ya koma ɗorawa, jijiyoyinsa kawai ke kore, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe. Saiwarsa siririya ce, a sama-sama take, shi ya sa ake lulluɓe gindin da ɓawon itacen fayin (pine, itace mai ganye kamar allura), a kuma yi saisa-saisa da taki. Toka da farar ƙasa illa suke masa.

Iri ɗaya shi kaɗai ba ya 'ya'ya da yawa. Ana dasa iri biyu ko uku kusa da juna don ƙudan zuma su riƙa kai garin furen wannan zuwa wancan. Yana kuma buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Celsius a hunturu kafin ya yi fure sosai, sharaɗin da ke hana shi yi a ƙasashen da ba su da irin wannan sanyi.

Idan ba a sassabe shi ba yakan haura mita 4. A Jojiya yana nuna a watannin Yuni da Yuli. 'Ya'yan kan yi shuɗi kafin zaƙi ya shige su, don haka ake barin su wasu kwanaki a jikin reshe, a rufe da raga saboda tsuntsaye.