Kaya sun iso tasha, ba su ne na hoto ba: me doka ta ce kan mayar da kuɗi?

Ana saura kwana goma biki, ƙanwata ta ga tallar shadda a Instagram. Mai tallar tana Kano, ta rubuta cewa gezna ce ta asali, yadi biyar, ruwan toka. Suka daidaita ta WhatsApp, ƙanwata ta tura kuɗi, bayan kwana biyu direba ya kira ta ya ce ta zo tasha a nan Birnin Kebbi ta karɓi saƙo. Tun kafin ta gama kwance leda jikinta ya yi sanyi. Shaddar ba nauyi a hannu, ƙyallin na sama-sama ne, da tela ya ɗora tef kuma sai ga yadi huɗu da rabi.

Ta kira matar: "Hajiya, don Allah wannan ai ba ita kika nuna mini ba." Aka ce mata: "Ƙanwata, ki duba shafina da kyau, na rubuta in kaya sun fita ba ma karɓa." Daga ranar wayar ba ta sake shiga ba.

Wannan magana ta "in kaya sun fita ba ma karɓa" ta kashe wa mutane da yawa baki daga Jega zuwa Yawuri, alhali a idon doka ba ta da ƙafar tsayuwa idan abin da aka aiko ya saɓa wa abin da aka siffanta. Najeriya tana da Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, kuma tana aiki a duk faɗin ƙasar nan. Ba manyan kamfanoni kaɗai ta hau ba. Duk wanda ke sana'ar sayar da kaya ya shigo cikinta, ko shago gare shi a Kantin Kwari, ko daga ɗakinsa yake ɗora hotuna a Facebook.

Sashe na 121 ya yi magana kan wanda ya saya bisa bayani ko samfuri, wato bai taɓa kayan da hannunsa ba. Dole abin da za a kawo masa ya yi daidai da wannan bayanin ta kowace fuska mai muhimmanci, gwargwadon yadda mai hankali zai yi tsammani. Sashe na 122 ne ya ɗora sakamako a kai: wanda bai samu damar duba kaya kafin su iso ba, sai ya tarar sun saɓa wa bayani ko samfuri, ko ba irin da ingancin da aka yi ciniki a kai ba ne, yana da ikon mayar da su ya karɓi kuɗinsa cif. Sharaɗin shi ne ya nuna ƙin amincewarsa cikin lokacin da ya dace bayan karɓa.

A nan mutanenmu suke yawan faɗuwa. Dokar ba ta ƙirga kwanaki ba, cewa ta yi lokacin da hankali zai ɗauka. Mu kuwa kara da kunya sukan sa mu yi shiru, a ajiye kaya a ƙasan akwati ana ƙunci, sai bayan sati uku a zo ana ƙorafi. Wata ma sai ta kai wa tela ya yanka, sannan ta tuna tana da haƙƙi. Da zarar almakashi ya shiga yadi, maganar mayarwa ta yi rauni ƙwarai. Shawarata ita ce a buɗe saƙo a ranar da ya iso, in da hali a gaban direba ko ɗan aike, ana ɗaukar bidiyo tun daga ledar da ba a kwance ba, kuma a rubuta wa mai kaya a ranar: ban amince da wannan ba, ga dalili, ina son kuɗina.

To, rubutun da ta yi a shafinta fa? Sashe na 129 ya hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin da dokar ta ba shi, har da haƙƙin mayar da kaya masu aibi. An ma gwada irin wannan a kotu. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke cewa tsarin "ba a mayar da kuɗi bayan an biya" na wani kamfanin sufuri ya saɓa wa wannan doka, ta kuma umarce shi ya biya fasinjan diyyar naira 500,000. Kuɗin mota ne aka yi shari'ar a kansa, amma ta nuna cewa rubutu a rasit ko a allo ba ya rinjayar doka.

Akwai kuma kayan da suka iso kamar lafiya lau, daga baya aibinsu ya bayyana. Wayar da aka ce sabuwa ce a kwali, bayan sati biyu ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa, ko batirin sola da ba ya riƙe caji. Sashe na 131 da na 132 ne suka shafi wannan: cikin wata uku daga ranar da aka kawo kaya, idan ba su da ingancin da ya kamata, mai saye zai iya mayar da su ba tare da an ci shi tara ba, ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Idan kuwa wayar an taɓa amfani da ita ne aka yi mata kwaskwarima, sashe na 117 ya wajabta a faɗa ƙarara. Ɓoye hakan laifi ne, kamar yadda sashe na 125 ya haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa wajen talla. Hukuncin take haƙƙin mai saye a sashe na 155 ba ƙarami ba ne: ga mutum ɗaya, ɗauri har na shekara biyar, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Idan atamfar da aka aiko ita ce dai aka nuna, yadi ya cika, zane bai canza ba, kawai ke ce kika ga ta ƙawarki ta fi burge ki, waɗannan sassa ba su ba ki ikon tilasta wa mai kaya ta karɓa ba. Haka ɗan bambancin launi da hasken waya kan jawo. Yawancin matan da ke wannan sana'a jarinsu bai taka kara ya karya ba, da shi suke ciyar da gida, bai kamata a mayar da doka sandar dukansu ba.

Abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne wannan hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ya ji cewa babu laifi a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa. A fiƙihun Malikiyya, idan kaya ya zo yadda aka siffanta ciniki ya ɗauru, idan ya saɓa mai saye yana da zaɓi. Littafin ma ya hana sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gani, sai in kayan na kusa ko irin wanda ba a tsoron canzawarsa. Hadisin da Muslim ya ruwaito kan mai tsibin abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, inda Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus, kowa ya san shi. Don haka mai kayan da ke cewa dokar 'yan boko ce, ya koma ya tambayi limamin unguwarsu.

Ina za a kai ƙara? Sashe na 146 ya buɗe ƙofofi: a fara da mai kayan, ko a kai ga hukumar da ke kula da wannan fanni, ko FCCPC, ko kotu kai tsaye. Idan ta Jumia ko makamanciyarta aka saya, inda kuɗi ke bi ta hannun kamfanin, a shigar da buƙatar mayarwa ta cikin manhajar kafin wa'adinsu ya wuce. Jiji da Facebook kuwa haɗa ku kawai suke yi, kuɗin kai tsaye yake tafiya aljihun mai kaya, kuma banki ba zai janyo tiransifar da ka tura da hannunka ba don kawai kaya bai yi maka ba. FCCPC tana karɓar koke ta shafinta na intanet, ba sai an yi tattaki zuwa Abuja ba. Duk inda za a je, hujja ake nema: hoton tallar kafin a goge, hirar WhatsApp har da saƙon murya, rasit ɗin tura kuɗi mai ɗauke da sunan asusu, da lambar direban da ya kawo. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin waɗannan idan an cika sharuɗɗansa. In kuwa an karɓi kuɗi ne aka ɓace, babu kaya babu labari, wannan damfara ce, ta 'yan sanda da EFCC ce, kuma a sanar da banki a ranar.

Ƙanwata ba ta kai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wani ɗan'uwanmu da ke Kano ya gano shagon da matar ke ɗaukar kaya, ya je da hotunan hirar ya nuna wa shugaban layin. Dattijon ya kira ta ya ce: "Hajiya, abin da kika rubuta da hannunki ke nan, ga kuma abin da kika aika." Washegari shaddar ta koma a motar Kano, a ledarta, ba a yanka ba, da yamma alat ya shigo. Kuɗin motar komawa ne kaɗai ƙanwata ta yafe.